Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Akwai wata tambaya da duk uwar da ke zaune a ƙasar waje ta san ta. Ana gama gaisuwa a waya, an tambayi sanyi, an tambayi aiki, sai a ce, "Ina Abba? Me ma yake karantawa?" Ku da kuke da 'ya'ya a jami'a kun san amsar da ake jira ba ta wuce huɗu ba: likita, injiniya, lauya, ko harhaɗa magunguna. In kika faɗi ɗaya daga ciki, a ce masha Allah a wuce. In kika faɗi wani abu daban, sai an ɗan yi shiru tukuna, sannan a ce, "To, Allah ya sa albarka," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Ni shekara huɗu na yi ina ba da amsar da ba gaskiya ba. Sai in ce, "Injiniyan sauti." Ban ma san inda na samo kalmar ba. Ta dai zo bakina ranar da ƙanwar mahaifiyata ta ritsa ni a waya, kuma daga ranar ta zauna. Gaskiyar magana, ɗana kiɗa ya karanta. Digiri guda, shekara huɗu, a kwalejin koyon kiɗa ta nan Mancesta. Abin da yake kaɗawa sunansa celo. In ba ku taɓa ganinsa ba, ku ɗauki goge ku kumbura shi har ya kai wa mutum ƙirji, ku sa masa tsarkiya huɗu maimakon ɗaya, mai kaɗawa ya zauna a kujera ya rungume shi tsakanin gwiwoyinsa. Sandar gogawar ma da izgar doki ake yin ta, ana shafa mata ƙaro, kamar dai tamu. Duk yadda za a juya maganar, a Hausa ɗan goge na haifa.

Abba ɗan fari ne, don haka kada ku jira in faɗi sunansa na yanka, ko a rubuce hannuna bai iya ba. Yana da shekara bakwai muka zo Ingila. Bai gama firamare ba ya dawo gida wata rana yana jan wata jaka da ta kusa fin sa tsawo. Akwai tsari a makarantun gwamnati na nan da ake ba yara aron kayan kiɗa, malami ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Na sa hannu a takardar ina tsaye, jakar aiki a kafaɗa, zan fita aikin dare. Na ɗauka zai yi wata biyu ya watsar, kamar yadda ya watsar da ninƙaya. Bai watsar ba. Akwai jarrabawar kiɗa mai mataki takwas, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina biyan kuɗin ina mita, ban taɓa zama na saurari abin da yake yi ba. A kunnena gurnani ne kawai da ke hana ni barcin rana.

Da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, ga shi da ƙoƙari a ilmin sinadarai da na halittu, mun riga mun gama yi masa lissafi. Ashe shi ma ya gama nasa. A ƙarshen 2019 ya je gwaji a kwalejin kiɗa ba mu sani ba. Can ba takarda kaɗai ake dubawa ba, sai ka zauna gaban alƙalai ka kaɗa sun ji da kunnensu. Suka ji, suka ɗauke shi. Ranar da ya nuna mana wasiƙar, babansa ya karanta sau biyu, ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur. Mutum ne da ya bar aikin gwamnati a gida, ya zo nan yana tuƙin tasi da digirinsa na biyu a akwati. Ya ce, "Ban bar ofishina na zo ina kwasar mashaya da tsakar dare don ɗana ya zama ɗan goge ba." Ya ɗauki mukullinsa ya fita.

Bari in faɗa muku abin da ya tsaya mana a wuya, don abu biyu ne, kuma mukan ɓoye ɗaya a bayan ɗaya. Na farko addini. Malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa, da yawa sun hana, wasu sun sassauta, ni kuwa ba malama ba ce, allura na iya. Maigidana yana tare da masu hanawa tsakaninsa da Allah, ban taɓa jin ya sa kiɗa a motarsa ba. Ni fa? Ni da na tashi da kaset ɗin Shata a ɗakin mahaifina, na taka amadar Barmani Choge a bikin ƙawayena har ɗankwali ya faɗi, in na ce addini ne ya dame ni na yi ƙarya ta biyu. Asali ne ya dame ni. Mu mutane ne masu son kiɗa da raina makaɗi. Za mu yi masa liƙi har jaka ta ƙare, amma ya zo neman 'yarmu mu ce a binciko asali. Cikin makaɗan ma ɗan goge ne a ƙasa, don an haɗa shi da bori da gidajen da ba a son faɗa.

Muna cikin wannan zaman doya da manja sai ga korona. A watan Maris na 2020 aka rufe gari, aka soke jarrabawar su Abba, mu kuma aka mayar da sashenmu na masu cutar. Ba zan ba ku labarin watannin nan ba, waɗanda muka yi aikin tare sun sani. Na koma ƙaramin ɗaki ni kaɗai don kada in shafa wa iyalina, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Wata safiya na dawo daga aikin dare, bayan na riƙe wa wata mata waya tana yi wa mijinta ban kwana ta bidiyo, na kwanta barci ya ƙi zuwa. Sai na ji gurnanin nan daga ɗakin Abba. Ba ni da ƙarfin cewa ya daina, don haka na saurara, karo na farko cikin shekara tara. Sautin yana hawa yana sauka kamar numfashin mai lafiya, ni da na kwana cikin numfashin da ba ya isa. Da ya gama na tambaye shi ta bayan ƙofa mene ne wannan. Ya ce wani Bajamushe ne, Bach, ya rubuta shi kimanin shekara ɗari uku da suka wuce, don celo shi kaɗai. Na ce, "Sake." Ya sake. Ranar na yi kukan da na yi makonni ina haɗiyewa, kuma na yi barci.

Bayan kwana biyu na ce wa babansa a ƙyale yaron. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ke kika sani. Amma kada maganar ta je gida." Ni ma abin da nake so ke nan. Kun ga inda injiniyan sauti ya samo asali.

Sai a 2021, da aka sake buɗe wuraren taro, na fara zuwa kallon abin da Turawa ke kira okestira, wato taron makaɗa masu yawa da ke kaɗa abu ɗaya tare. Abba ne ya saya mini tikiti. Zauren sunansa Bridgewater Hall, an buɗe shi a 1996, yana ɗaukar mutum sama da 2,300. Ginin gaba ɗaya a kan sifirin na ƙarfe yake zaune, wajen 280, don kada girgizar titi da ta jirgin ƙasan cikin gari ta shigo ta ɓata sauti. Ƙungiyar da ke zaune a wurin sunanta Hallé, tun 1858 take, wato ta girmi Nijeriya kanta. Na taso daga aikin awa goma sha biyu, na canja kaya a banɗakin ma'aikata, na ɗora kwat a kan atamfa, muka hau can sama inda kujeru suka fi araha.

Makaɗa wajen tamanin suka fito da baƙaƙen kaya. Wani mai busa da ake kira obo, ɗan'uwan algaita ne, ya busa sauti ɗaya, kowa ya daidaita abin kiɗansa da shi. Ni na ɗauka an fara. Sai madugunsu ya fito da ɗan siririn sanda, ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit. Simfonin Dvořák ne da ya rubuta a Amurka a 1893. Abin da Abba ya manta bai faɗa mini ba, simfoni kashi huɗu ne, kuma ba a tafi sai an gama duka. Ana kai ƙarshen kashi na farko na ware hannu na zuba tafi irin na gidan biki. Ni kaɗai. Wata tsohuwa ta waigo ta yi mini murmushin tausayi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A kashi na biyu kuma, mai sanyin nan, gajiya ta ci ƙarfina. Sai jin gwiwar hannu na yi a haƙarƙari: "Mama, minshari kike yi."

Wallahi na rantse a zuciyata ba zan sake zuwa ba. Wata na zagayowa na koma. Daga nan ya zama kusan duk wata, wani lokaci Hallé, wani lokaci wasan ɗaliban kwalejinsu inda shi kansa yake cikin layin masu celo. In Magariba ta faɗo a hutun tsakiya, in nemi kusurwa in shimfiɗa gyalena.

Kuna iya tambaya me ma'aikaciyar jinya daga Kano take samu a wurin. Na daɗe ina tambayar kaina. A asibiti duk sautin da ya shigo kunnena aiki yake kira. Ƙarar na'ura, ƙararrawar gado, tarin da ya canja, shirun da ya yi yawa, kowanne cewa yake tashi. Shekara ashirin da ɗoriya kunnena bai taɓa sauka daga aiki ba, ko a gida. A zauren nan ne kawai nake zama awa biyu cikin sautin da ba ya neman komai a wurina. Sannan na fara lura da aikin kansa. Masu bayolin sun fi ashirin, amma sandunansu tare suke hawa tare suke sauka. A simfonin nan da na yi barci, akwai faranti biyu na ƙarfe da sau ɗaya tak ake taɓa su, can a kashi na ƙarshe, kuma mai su dole ya zauna yana ƙirge, don in ya yi kuskure da ƙiftawar ido kowa zai ji. Duk wadda ta taɓa gadin mara lafiya da dare ta san wannan zaman. Na ga mutane masu horo, masu zuwa a kan lokaci, masu sauraron juna. Na ga kuma dalilin kantar da ke yatsun ɗana.

Ba zan ɓoye muku ba, nakan ƙirga baƙaƙen fuskoki, a kujeru da kan dandamali, kuma sau da yawa yatsun hannu ɗaya sun isa. Abba ne ya riƙa nuna mini cewa ba shi ne farau ba. Akwai Samuel Coleridge-Taylor, ɗan wani likita ɗan Saliyo, da ya yi suna a Ingila kafin rasuwarsa a 1912. Akwai namu Fela Sowande. Akwai ƙungiyar Chineke! da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta kafa a 2015 don makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru. Akwai Sheku Kanneh-Mason, mai celo kamar Abba, da ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016. Ina jin sunayen ina gyaɗa kai, ina alfahari. In waya ta yi ƙara daga gida kuma in ce injiniyan sauti.

Yana shekara ta uku, muna dawowa daga wani wasa a jirgin cikin gari, celo a tsaye tsakaninmu, ya ciro waya ya nuna mini saƙon ɗan yayata: "Injiniya, ya karatu?" Ya ce, "Mama, su Yaya duk haka suke kira na. Ke kika faɗa musu?" Na fara kame-kame, ai ka san mutanen gida, ai ba za su gane ba. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Kina zuwa kina tafa mini a nan, a can kuma kina jin kunyata." Bai ƙara ba. Muka sauka, ya goya kayansa ya wuce gaba. Na so in gyara tun a daren. Na bari sai gobe, goben ta zama shekara guda.

Abin da ya kawo ƙarshenta bikin yaye ne. Mahaifiyata, Hajiya, ta ce ko da rarrafe sai ta ga ranar jikanta na fari. Muka sha wahalar biza, aka samu, ta sauka da kilishi da kuka da daddawa da wata hula da ta sa aka ɗinka wa Injiniya. Tana shiga falo ta ga jakar celo a jingine a kusurwa, ta ce, "Wannan kuma makarar wa ce?"

Daren nan na durƙusa a gabanta, da furfurata da komai, na faɗa mata. Ta daɗe tana jan carbi. Na shirya wa faɗa a kan goge, sai faɗan ya zo ta wani wuri. Ta ce, "Shekara huɗu ina gaya wa mutane jikana injiniya. Har liman na sa ya yi masa addu'a da sunan injiniya. Ke da ake ba amanar rayukan mutane, ki rasa abin da za ki ba uwarki sai ƙarya?" Kwana biyu gaisuwa kawai take amsa mini.

A rana ta uku ta kira shi. "Kai, maigidan banza, zo nan. Wa kake yi wa kiɗa?"

"Ba kowa, Hajiya."

"Wane ne ubangidanka?"

"Ba ni da shi."

"Kana kiran sunayen mutane su ba ka kuɗi?"

"A'a. Tikiti ake saye, a biya mu ladan aikinmu."

"To me kake faɗa a ciki?"

"Ba a faɗin komai. Abin da ke takarda muke karantawa."

"Au, karantawa ake yi?"

Ya ɗauko mata littafin. Ta sa tabarau ta duba, ta ce kamar tururuwa ce ta hau igiyar shanya. Sannan ta ce, "In dai babu roƙo, da sauƙi." Ni har na fara ajiyar zuciya, sai ɗan nan mai gaskiyar tsiya ya ce ai su ma Turawan da makaɗan fada suka fara. Wai akwai wani Haydn da ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana sa kayan bayin gidan yana yi wa yarima kiɗa, kamar Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa. Na so in taka masa ƙafa. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Narambaɗa kuwa ai ba ƙaramin mutum ba ne."

Na kai ta wasansu na ƙarshe, da hijabi da rigar sanyi biyu da safa. Da na raɗa mata cewa mai sandan nan kwandasta ake ce masa, ta ce to ina motar. Ta kuma ce ba shi da ladabi, ya juya wa manya baya. Amma da ta hango Abba a layi na biyu, ba ta sake magana ba, kuma ba ta yi barci ba, abin da ya fi ƙarfin 'yarta. A hanyar gida ta yanke hukunci: "Kiɗa ba waƙa, ba rawa, ba liƙi, kowa ya zauna kamar zaman makoki. Amma na ga gumi a goshinsa. Ba wasa yake ba."

Ranar yaye an tashi da ruwan sama, kamar yadda garin nan ya saba. Babansa, wanda bai taɓa taka ƙafa wurin wasansa ba, ya fito da babbar rigar shadda ba wanda ya roƙe shi. Ɗalibai suka jeru da baƙaƙen riguna da huluna masu faɗi, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ana tafi na ladabi. Da aka kira nasa, sunan mahaifina ne da na yi shekara ashirin da biyu ban furta ba, ya hau matakala, sai Hajiya ta miƙe ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Zauren ya waigo gaba ɗaya. Wannan karon ban nemi ƙasa ta tsage ba. Aka fashe da dariya, aka ƙara tafi. Na saci kallon babansa, yana riƙe da waya yana ɗauka, hannun yana rawa. Da muka fito, Abba ya sa hular Injiniya a kan rigar yaye aka yi hoto, don Hajiya ta ce kuɗinta ba za su tafi a banza ba.

Da dare na tura hoton zauren dangi na WhatsApp, na rubuta: "Abba ya gama digirinsa a fannin kiɗa. Ba injiniya ba ne, ni ce na faɗa muku haka, kuma ba gaskiya ba ne. Ku yafe mini." Wasu suka yi barka. Wasu har yau ba su ce komai ba. Wani kawuna ya turo wa'azi na minti arba'in, na saurara duka, don shi ma ƙauna ce ta sa shi. Hajiya kuwa ta sa Auta ta danna mata maɓallin murya ta ce, "Na gani da idona. Yaron yana salla, ba ya roƙo. A bar maganar."

Kada ku ɗauka komai ya daidaita. Kuɗin makaranta kaɗai a lokacin karatunsa fam 9,250 ne a shekara, bashin fam 37,000 ke nan a kansa kafin a zo ga na ci da sha. Kujerun dindindin a irin waɗannan ƙungiyoyi kaɗan ne, masu nema kuma daga ko'ina a duniya. Yanzu yana koyar da yara a makarantun firamare kwana uku, yana zuwa cike gurbi in an kira shi, ranar Asabar yana aiki a kanti. Wani dare nakan kwanta ina lissafin yadda zai yi aure da wannan, da kuma gidan da za su ba shi. Ba zan ce wa kowa ya bar ɗansa ya bi kiɗa ba, kowa ya san gidansa. Abin da na sani kawai, ƙaryar da na yi don in kare shi daga bakin mutane, kaina na kare, shi kuma shi ya biya.

Babansa har yanzu bai je wasa ba, kuma na daina matsa masa, don na san ba taurin kai ba ne. Amma ranar yayen, da za mu tafi cin abinci da dangin abokansa inda aka ce su ɗan kaɗa, na ga ya karɓi celon daga hannun Abba, ya kwantar da kujerar baya ta tasinsa, ya shimfiɗa bargo, ya ɗora shi a hankali kamar mara lafiya. Wata mai zuwa Abba zai cike gurbi a wani wasa a babban zaure. Tikiti biyu na saya. Na ajiye ɗaya a kan tebur, kusa da inda yake ajiye mukulli, ban ce komai ba. Kwana huɗu ke nan yana nan, ba a ɗauka ba, ba a kuma mayar mini ba.